Ƙafar Fulogi Ta Uku

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan da ba ta barinki ki sake. Mu nan lafiya lau muke, sai ruwan sama da ya sa mu gaba. Maiɗakina tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko man shafawar da ta aiko ya yi wani amfani.

Bayan haka, osiloskof, na'urarki ta awon wuta, ya iso. Direban motar magani ya sauke shi kamar wanda ya ɗauko jariri, ya ce kin tsare shi a ƙofar gida kina jera masa sharuɗɗa har ya kusa fasa ɗauka. Goggo, ban san da wane baki zan gode miki ba. Marigayi mahaifina ɗan ƙanin babanki ne, rabon da ki sa ni a ido tun ina sakandare, amma kika ɗauki abin da kika yi shekara da shekaru kina koyarwa da shi kika ba ni. Na so in kira ki, sai na tuna waya ba ta shiga kunnenki yanzu. Mu ma nan sabis sai an hau bayan tankin ruwa, shi ma sai an yi sa'a.

Kin san abin da ya sa na roƙe shi. Na'urar hoton ciki ta asibitin nan ta mutu, kuma ita kaɗai gare mu. Ni ne mai gyara guda ɗaya a nan, daga fanka har firjin magani. Likita ba ya faɗa, amma kullum sai ya leƙo ɗakin gyara ya tsaya ya dubi na'urar ya dube ni, sannan ya tafi. Na fi son faɗan. Ina zargin allon da ke ba ta wuta, mita kuwa lamba kawai take nuna min, ba ta zana min yadda wutar ke tafiya kamar yadda naki yake yi.

Abu ɗaya na gyara miki. A kan furob ɗin, wato igiyar awon, daidai wuyan ƙarfen da ake murɗawa a bakin na'urarki, na ga wani ɗan tsinke siriri ya leƙo ta gefe yana karce zoben da ya kewaye bakin. Na ga alamar jijjigar hanya ce ta fito da shi, sai na sa filaya na cire shi. Yanzu yana murɗuwa sumul.

Na cire allon daga wuta na auna babbar kafasitarsa, wato ma'ajiyar wutarsa, da osiloskof, na ga volt talatin da biyu kacal ta riƙe. Hankalina ya kwanta, don wannan ko da hannu zan iya aiki a kai. Ina jiran direba ya kawo min dalma da wasu 'yan kayayyaki a zuwansa na gaba in fara.

Ɗanki na asibitin kan tudu.

*

Injiniya,

Na samu takardarka. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, man ya yi daɗin ƙamshi, ka gode wa 'yata. Gaisuwar ke nan, don ba ni da natsuwar tsawaita ta.

Da na kai wajen filaya sai da na ajiye takardar na cire tabarau na goge. Ka gyara min! Shekarun tsinken nan a duniya sun fi naka, bai taɓa yi wa kowa laifi ba sai da ya haɗu da kai. Furob ɗin nan yana rage wuta sau goma kafin ya shigar da ita cikin na'urata, don kada ta ƙone. Tsinken da ka cire shi ne ke taɓa zoben ya sanar da na'urar cewa an rage, ita kuma ta ninka lambar kafin ta nuna maka. Da ka cire shi, ba ta da labari. Abin da ta ce maka talatin da biyu, ɗari uku da ashirin ne. Shi ne kake cewa za ka sa hannu.

Wallahi gabana faɗuwa ya yi. Na tashi na zagaya tsakar gida da sandata, na dawo na sake karantawa ko na yi kuskure, na tarar dai haka ka rubuta. Allah ne ya sa dalmarka ta ƙare.

Daga yau duk lambar da ka gani ka ninka ta sau goma. Ka rubuta hakan da manyan baƙaƙe ka manna a goshin na'urar, don na san kanka. Kafin ka taɓa allon, ka sauke wutar kafasita ta cikin rezista mai kauri da zai shanye ta a hankali, ka sake aunawa da mita, sannan ka sa hannu.

Tunda ka fara yi wa kan igiyar tiyata, bari in gaya maka sauran abin da ke jikinsa. Allurar da ke tsakiya ita ke ɗaukar abin da ake aunawa. Wuyan ƙarfen da ke kewaye da ita, da ɗan matsin nan mai bakin kada da ke reto a jikin furob, da jikin na'urar kanta, da ƙafa ta uku ta fulogi, wato doguwar, duk waya ɗaya ce, kuma a ƙasa take ƙarewa. Shi ya sa wuyan nan za ka iya riƙe shi hankali kwance. Amma kada ka maƙala bakin kada sai a inda ka tabbata ƙasa ne.

Lokacin da nake koyarwa, ɗalibi mara kai bai taɓa ba ni tsoro ba, don shi yana jin tsoron wuta. Mai kaifin kai mai sauri irinka shi ke hana ni sakewa. Babanka ma haka yake, ya taɓa kwance agogon kakanmu don ya ga abin da ke ƙara a ciki.

Goggonka.

*

Zuwa ga Goggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Muna lafiya. Maiɗakina ta yi ta dariyar labarin agogo, yanzu ko murfin tukunya na ɗaga sai ta ce in yi a hankali kada in ga abin da ke ƙara a ciki.

Kafin in sauke wutar kamar yadda kika ce, na auna da mita. Ɗari uku da 'yan kai. Na daɗe a zaune ina kallon tafin hannuna. Takardar tana manne a goshin na'urar yanzu, Likita ya karanta ya tambaye ni ko addu'a ce.

To amma ga wata sabuwa. Kayan sun zo, na canja abin da nake zargi, na'urar hoton ba ta tashi ba. Na ce bari in kunna allon in ga wutar tana tafiya. Na maƙala bakin kada a ƙafar kafasita mai alamar ragi, don a duk rediyo da caja da na taɓa gyarawa nan ne ƙasa. Ina kunnawa sai ji na yi tau, wani shuɗin haske ya tashi, babban makunnin ɗakin da ke gefen ƙofa ya faɗi. Bakin kadan ya narke gefe guda, ɗakin ya cika da ƙauri. Ban ji ciwo ba, sai dai kunnena ya yi ta ƙara har la'asar. Osiloskof bai mutu ba, na gwada shi, kada hankalinki ya tashi.

Mai kula da janaretonmu, wani dattijo ne da ya daɗe a gareji kafin ya zo nan, shi ya fara shigowa da gudu. Da ya ga abin da ya faru ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, ƙafa ta uku ce ke jawo shi. Ya ce a garejinsu na da cire ta suke yi, na'urar ta rabu da ƙasa, sai ka maƙala bakin kada duk inda ka ga dama ba tartsatsi. Na duba maganarsa na ga ta yi daidai da abin da kika koya min, tunda kin ce duk waya ɗaya ce. In an yanke ta daga can, ba abin da zai sake haɗuwa ya fashe.

Ina ganin haka zan yi da zarar na samu wani bakin kadan. Jiya an juya wata mata mai ciki zuwa babban asibiti a bayan babur cikin ruwan nan, don ba mu da abin duba ta. Na kasa haɗa ido da mijinta.

Ɗanki.

*

Ɗana,

Ina lafiya. Ka karanta wannan a tsaye.

Kada ka cire ƙafar nan. Ko ka riga ka ɗauki filaya, ka ajiye.

Allon da ke shan wutar bango kai tsaye ba irin na rediyo ba ne. Ƙafar kafasitar da ka ɗauka ƙasa ce, wuta ce a kanta muddin allon yana kunne. Tartsatsin da ka gani, wutar ce ta bi bakin kada ta bi wuyan ƙarfe ta fita ta ƙafa ta uku ta shige ƙasa, makunni ya faɗi. Wato ƙafar nan ita ta karɓi dukan a madadinka. In ka cire ta, tartsatsi zai daina, gaskiyar dattijon ke nan. Amma wutar ba ta tafi ko'ina ba. Za ta hau wuyan ƙarfen, ta hau jikin na'urar, ta hau duk wata ƙusa da ke jikinta, ta zauna shiru tana jiran hanyar sauka ƙasa. Hanyar kuwa kai ne.

Ban ce dattijon yana nufinka da sharri ba. Na san ana yi, na kuma san waɗanda suka yi suka tsira suna ba da labari. Sauran ba a jin ta bakinsu.

Akwai hanyar aunawa ba tare da bakin kada ba, da furob biyu. Ina da wani a akwati, zan nemo shi in aiko da bayani. Ka yi haƙuri da idon Likita na 'yan kwanaki. Ka rubuto min ka ce ka ji, don ba zan samu natsuwa ba sai na ga hannunka.

Goggonka.

*

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Shiru ban ji daga gare ki ba, ina fatan ba gwiwar ce ta kwantar da ke ba. Kogi ya cika ya haye gada, motar magani ba ta samu shigowa ba, ina jin abin da ya tsare amsarki ke nan. Wannan takardar zan ba wata ma'aikaciyar jinya da za ta tafi hutu, za ta haye a kwalekwale, ta ce unguwarku kan hanyarta take.

Albishirinki. Na samu bakin kada a jikin wata tsohuwar cajar batir, na cire ƙafar fulogin, na kunna. Ko ƙyas. Goggo, da kin ga yadda wutar ta fito a fuskar na'urar tana rawa, kore shar, da kin yi alfahari da ni. Na ninka sau goma kamar yadda kika ce. Na gano inda take tsinkewa, sai dai ba kullum take yi ba, sai allon ya yi zafi. Don haka nake barinsa a kunne tun safe, furob a maƙale, ina leƙowa ina dubawa tsakanin sauran ayyuka.

Abu ɗaya ne ban gane ba. In na taɓa wuyan ƙarfen ina jin wani ɗan zir a yatsa, kamar tururuwa na tafiya. Ba ya zafi. Na tuna kin rubuta cewa wuyan nan zan iya riƙe shi hankali kwance, shi ya sa ban damu ba, na ce ko damshin damina ne. Ina tsayawa a kan shimfiɗar roba dai kullum. Maiɗakina ma ta ce abin ya ɗan cije ta a gwiwar hannu ranar da ta kawo min abinci ta jingina da teburin, har ta ce na'urar Goggo ba ta son baƙi. Rufin ɗakin yana ɗan yoyo ta wajen taga, na sa bokiti.

In Allah ya yarda kafin direba ya samu hanya na gama, ki ji labari mai daɗi.

Ɗanki.

*

Zuwa ga 'yata, matar ɗana,

Ina gaishe ki. Ba mu taɓa haɗuwa ba sai a gaisuwar takarda, ga shi wasiƙata ta farko gare ki ba ta daɗi ba ce. Ki yafe min. Ke na rubuta wa don shi na rubuta masa bai samu ba, kuma ko ya samu sai ya tsaya yi min lissafi.

Yau da hantsi ma'aikaciyar jinyarku ta kawo min takardarsa. Ina cikin karantawa sai ga direba a ƙofa, ya dawo min da wadda na ba shi tun kwanaki, ya ce ya kai bakin kogi ya juyo, tana cikin mota tun ranar. Ban san lokacin da na zauna a dandamali ba. Na sa maƙwabciyata ta yi ta kiran wayar mijinki, ba ta shiga. Direban ya ga halin da nake ciki, ya ce zai ari babur ya kai wannan bakin ruwa ya ba masu kwalekwale. Na haɗa da waccan ta farko a ciki.

Ki saurare ni da kyau. Na'urar da na aiko, a yadda take yanzu, tana iya kashe mutum. Cizon da kika ji a gwiwar hannu wutar bango ce, takalminki ne ya tare miki. Ranar da ɗayanku ya taɓa ta ƙafarsa a kan damshi, ko ɗaya hannun yana kan wani ƙarfe, ba cizo za ta yi ba.

Ga abin da za ki yi. Ki tafi ɗakin gyara, kada ki taɓa komai a kan teburin. A gefen ƙofa akwai babban makunnin ɗakin, wanda ya faɗi ranar tartsatsi, ki sauke shi ƙasa. Cire fulogin na'urata kaɗai ba ya maganin komai, don wutar daga allon da yake gyarawa take hawowa. Ki fara sauke makunnin, sannan ki yi masa magana. In ya yi fushi ki ce ni na sa ki.

In kuma, Allah ya kiyaye, kika tarar wuta ta riƙe shi, kada ki kama shi. Na san zuciyarki za ta ce ki janyo shi. Kada ki yi, za ta haɗa da ke. Makunni tukuna, sannan ki kira Likita.

Ni na rubuta masa cewa zai iya riƙe wuyan nan hankali kwance. Gaskiya ne a lokacin da ƙafa ta uku take nan, ban kawo a raina zai cire ta ba, ban kuma ƙara rabin layin da zai hana shi ba. Tun ɗazu nake juya wannan layin a raina. Ki yi haƙuri da rubutun.

Ki ba mai kwalekwale amsa ko layi ɗaya ne.

Goggonku.

*

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ni ce matar ɗanki. Yana raye, Goggo. Na fara da wannan don kada ki karanta sauran da tsinkewar zuciya.

Ki gafarce ni da ban ba mai kwalekwale amsa a ranar ba, ban san inda kaina yake ba. Yanzu ruwa ya janye, direba ya shigo, shi zai kawo miki wannan.

Takardarki ta same ni ina shanya. Na karanta a tsaye, na bar kayan a bokiti na nufi asibiti. Ban kai ɗakin gyara ba na haɗu da shi a baranda, ya fito daga duba firjin magani. Goggo, a nan na saɓa miki. Na ga ai ba ya kusa da na'urar, kuma na ji nauyin in wuce shi in je in kashe masa aikin da ya kwana biyu yana jira, ga mutane zaune a benci suna kallo. Sai na miƙa masa takardun biyu.

Ya karanta taki ta farko, ya karanta tawa. Na ga fuskarsa ta canja. Ya dubi gwiwar hannuna, inda abin ya cije ni, ya ce, "Ke ma kin taɓa." Daga nan ya juya da sauri ya nufi ɗakin. Na bi shi ina cewa makunni, makunni, amma ban san ko ya ji ni ba.

Daga baya ya gaya min shi ma makunnin ya yi niyya. Amma da ya shiga ya ga igiyar nan a maƙale, abin da ya zo masa kawai ya raba ta da na'urarki, hannunsa ya riga tunaninsa. Kullum haka yake cire ta in ya tashi aiki, ya kama wuyan ya murɗa. Ya dafa jikin na'urar hoton ciki da hagu don ya miƙa, ya kama wuyan da dama.

Bai yi ihu ba. Na ɗauka mutum ihu yake yi. Ya sandare ne a tsaye, kafaɗunsa suka ɗaga, wani sauti yana fita daga maƙogwaronsa. Na yi taku biyu zuwa gare shi, hannuna har ya kusa rigarsa. Takardarki tana cikin ɗaya hannun nawa, wallahi ita na ji a tafina na tuna. Na koma baya na lalubi makunnin na ja shi da hannu biyu. Ya faɗi kamar buhu, kansa ya bugi ƙafar tebur.

Ban san da wace murya na kira Likita ba, an ce har masu jira a bakin ƙofar asibiti sun ji. Likita ya durƙusa a kansa yana danna ƙirjinsa, ma'aikatan jinya suka fitar da ni. Na tsaya a baranda na jingina da bango. Dattijon janareto yana gefe ya cire hula yana ta juya ta a hannu. Can na ji tari daga ciki, sai na zauna a ƙasa na fashe da kuka.

Yana kwance a ɗakin maza yanzu. Likita ya ce zuciyar ta dawo daidai amma zai ci gaba da sa mata ido. Tafin hannun dama ya ƙone, babban yatsa da manuni ba sa lanƙwasuwa sosai. Na tambayi Likita ko za su dawo, ya ce a ba su lokaci, bai kuma dube ni ba da yake faɗa. Ɗakin gyaran, bayan dattijon ya ɗauko igiyar fulogin, na sa kwaɗo na rufe, makullin yana ɗaure a bakin zanena. Har yanzu in na ji an kunna fitila sai gabana ya faɗi.

Ya ce in rubuta miki wannan daga bakinsa, ga shi yadda ya faɗa:

"Goggo, kada ki ɗora wa kanki. Kin ce in ajiye filaya, takardar ce ba ta zo ba, da ta zo kuma ni na yi gaggawa. Dattijo ya zo ya zauna a gefen gadona, na ce masa ya sa wa fulogin sabon kai mai ƙafa uku, ya kawo na gani da idona. Amma Goggo, jiya na roƙi a bi da ni ta ƙofar ɗakin gyara, ina hango teburin ta taga sai gumi ya keto min, na ce a mayar da ni. Na'urar hoton tana nan a mace, mata suna ta zuwa ana juya su. Ba wani mai gyara a nan sai ni, ni kuma tsoro nake ji. Ban taɓa gaya wa kowa haka ba. Ki gaya min yadda zan yi."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni dai da za a bi tawa, da ba zai sake shiga ɗakin nan ba har abada, amma na san ba zai zauna ba.

'Yarki.

*

'Ya'yana,

Alhamdu lillahi. Na karanta layin farko na kasa wucewa, sai da maƙwabciyata ta zo ta karɓa ta ƙarasa min da ƙarfi a kunne. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

'Yata, ba ki saɓa min ba. Kin ja da baya a lokacin da duk jikinki ke cewa ki kama shi, na san maza masu takardun shaida da ba su iya hakan ba. Ki riƙe makullin nan, kada ki ba shi ko ya yi miki daɗin baki.

Kai kuma ɗana, tsoron da kake ji ba ciwo ba ne, kada ka nemi maganinsa. Ni ma da shi na yi aiki har na ajiye, kullum na kai hannu ga allo sai na ji shi. Yatsun kuma ka yi abin da Likita ya ce, ka daina gwada su a ɓoye, na san kana yi.

Na nemo furob na biyu, tsinkensa yana nan lafiya, kuma ba zan ba direba shi ba. Na fara rubuta maka yadda ake aunawa da guda biyu, a cire bakin kada duka a ajiye gefe, na'urar ta ɗebe ɗaya daga ɗaya. Na kai rabin shafi na yage. Na gama koya maka wuta ta takarda. Duk layin da na rubuta sai in ga inda za ka karanta shi ka tsaya a rabi.

Na gaya wa direba ya gyara min kujerar gaba a zuwansa na gaba. Ya dubi sandata ya ce hanyar ba ta da kyau, akwai inda sai an sauka an taka. Na ce na ji. Rabona da doguwar tafiya tun kafin gwiwar nan ta lalace, kuma ba zan ɓoye muku ba, kogin nan yana ba ni tsoro ko a mota ne. 'Yata, ki nema min kujera mai jingina a sa a ɗakin gyara kusa da ƙofa, inda hannuna zai kai makunni. Shi zai riƙe furob da hagu, ni zan karanta lamba, ke ki tsaya a waje.

Kada a buɗe ɗakin nan sai na iso.

Goggonku.